Jakunan da Ke Cikin Wayar Adiza

Da za a ce mini, Isufu, zaɓi abu ɗaya cikin rayuwarka a goge shi kamar bai taɓa faruwa ba, ba zan tsaya dogon tunani ba. Na yi kurakurai irin na kowane ɗan kasuwa. Na rantse a kan abin da ban tabbatar ba, na yi fushi da mutanen da ba su yi mini komai ba. Amma wanda zan zaɓa shi ne na wata ranar kasuwa a Bawku, bayan azahar, ina zaune a gindin darbejiya a bakin karar dabbobi, na ɗora babban yatsana a kan gilashin waya na danna. Ko ƙara ba ta yi ba. Na mayar da wayar aljihu, na sayi fura na sha. Abin da ya biyo baya shi ne nake so ku sani, ku 'ya'yana da jikokina, domin abin da kuka taso kuna ji ba haka yake ba. Kun ji ana cewa Adiza, babbar 'yata, ta rasa aikinta a Yendi don ta sayar da sirrin matan ƙauye ga masu fatar jaki. Wasunku a makaranta suka ji, wasu a gidan suna. Adiza ba ta sayar da komai ba. Ni ne.

Bari in fara daga Salaga, don ku gane cewa ba cikin rashin sani na yi ba. A can aka haife ni, a cikin zango, gidan da kakanninsa fatake ne. Da jakuna suka zo daga ƙasar Hausa neman goro, kuma a Salaga suke sauke kaya su jira, saboda jaki ba ya shiga kurmi. Ƙudan tsando ke kashe shi. Kowane yaro a gidanmu ya san wannan tun kafin ya haddace Fatiha. Da fataucin goro ya mutu, wasu suka koma doya, wasu hatsi, mahaifina Baba Seidu ya tsaya a kan jakuna, ya zama dillali. Karatuna bai yi nisa ba. Na yi allo, na yi boko kaɗan har na iya rubuta wasiƙa, sannan Baba ya ja ni kara. Ba mutum ne mai yawan magana ba, amma akwai abin da ya maimaita mini har na gaji da ji.

"Ka buɗe bakin jaki ka ga shekarunsa. In mace ce ka shafa cikinta ka ji ko su biyu ne. Sannan ka kalli mai saye cikin ido ka ce, ina za ka kai shi? In ya kau da kai, ka mayar wa mai jaki abinsa, ka tafi gida da yunwarka."

Akwai kuma maganar igiya. A wurinmu mai sayar da jaki ba ya bayar da igiyarsa. In ciniki ya faɗa, zai kwance ta, mai saye ya ɗaura tasa, shi kuma ya koma da ita gida ya rataye a bakin ƙofa. Ma'anarta gidan bai rabu da jaki ba, wani na nan tafe.

Ina saurayi na koma Bawku, domin a can jakunan suke. Ina sayowa daga ƙauyukan Binduri da Tempane, wani lokaci daga tsallaken Burkina da Togo, in gangaro da su Yendi da Salaga wurin manoman doya masu amalanke. A Bawku na auri Memuna, mahaifiyarku, a can aka haife ku duka. Na iya Kusasanci, yaren mutanen ƙauyukan Bawku, na iya yaren Mosi daidai na ciniki. Isufu mai jakuna, haka ake kirana daga kasuwa har ƙauye, kuma in na ce wa mace jakinta gona zai tafi, ba ta sake tambaya. Haka na rayu har gemuna ya yi fari. Sai motokin ya shigo, babur ɗin nan mai ƙafa uku da akwatin kaya a baya. Manoman Yendi da Salaga masu ɗan ƙarfi suka daina neman jaki. Ba mu kwana da yunwa ba, kada wani ya ba ni wannan uzurin. Memuna na sayar da tuwo, 'yan'uwanku maza na aiki. Abin da ya dame ni shi ne zama a kara tun safe babu wanda ya kira sunana, ga samari sa'o'in 'ya'yana suna ta kai da kawo da waya a kunne.

"Baba Isufu, har yanzu sai ka leƙa bakin jaki?" in ji wani daga cikinsu wata rana. "Mu hoto muke turawa, ciniki ya ƙare. Ka bar warin bakin jaki ka huta."

Aka yi dariya, ni ma na yi. Amma abin ya zauna mini a ƙirji.

A shekarar ne Adiza ta zo gida bayan an gama girbin gero. Ita kaɗai ce a cikinku ta yi nisa a boko, tana aiki da wata ƙungiya mai ofis a Yendi da ke taimakon manoman ƙauye ta hanyar waya. Ta zauna a tsakar gida tana taya uwarta gyaran ganyen miya na ayoyo tana ba mu labari, idonta na ƙyalli. Ta ce a wasu ƙasashe manomi na sanin ranar da ruwa zai sauka tun yana ɗakinsa, in dabbarsa ta kwanta ciwo ya tura hoto likita ya zo. Ta ce ƙasashen da suka kama wannan hanyar sun ci gaba ba tare da sun cinye ƙasarsu ba, mu ma za mu iya. Aikin da aka ba ta shi ne rijistar jakunan matan ƙauyukan Tempane. Kowane jaki a ɗauki hotonsa, a rubuta sunan mai shi, shekarunsa, ko yana da ciwo, ko mace ce mai ciki, a sa alamar gidan a taswira, don likitan dabbobi ya san inda zai kai allura.

"To ni ina ruwana?" na ce.

"Baba, ni ban san haƙorin jaki ba. Kuma matan nan ba za su bar baƙuwa ta ɗauki hoton dukiyarsu ba. In sun gan ka za su yarda."

Memuna ta ɗago kai daga tukunya ta ce, "Ki tafi da shi, don Allah. Ya ishe ni da tsaki a gidan nan. Jiya har akuya ya yi wa faɗa."

Adiza ta sayo mini waya mai gilashi, ta koya mini yadda ake buɗewa da yadda ake tura saƙon murya. Kwanakin da muka yi muna zaga ƙauyukan nan a kan babur, tana tuƙi ina baya riƙe da hulata, ban taɓa jin daɗin wasu kwanaki kamarsu ba tun da na girma. Ni ke riƙe bakin jaki in faɗi shekaru, ita ta ɗauki hoto ta rubuta. A can na ga abin da na daɗe da sani amma ban taɓa tsayawa na kalla ba. Jakin da ke gidan mace shi ne ke ɗauko ruwa daga rijiyar bohol, shi ke kai taki gona, shi ke kawo ƙwallon kaɗanya da itace, shi ke kai mai naƙuda bakin titi. In yana nan, 'ya mace na tafiya makaranta da safe. In babu shi, ita ce jakin.

A wani ƙauye bayan Tempane muka sauka gidan Mma Ateni, wata Bakusasa da mijinta ya rasu, tana riƙe da jikarta Lamisi. Na santa tun da daɗewa, ni na sayar wa mijinta jakinsu na farko. Tana da jakanya mai launin toka da baƙin layi a gadon baya, ta sa mata suna Madam, wai don ba ta motsawa sai ta karya kumallo. Da na kama bakin Madam zan buɗe, Ateni ta riƙe ƙugu tana kallona.

"Baba Isufu, kai da ba ka da haƙori, kana ƙirga na wani?"

"Mma Ateni, nawa na ci tuwo da su. Naki fa, giyar pito ce ta zubar da su."

Ta yi dariya har ta dafa katanga. Na shafa cikin Madam na ji su biyu ne, na faɗa mata. Ta ɗaga hannu sama, ta ce in ya zo na Lamisi ne, shi zai kai ta har babbar makaranta. Amma da Adiza ta ɗaga waya, sai fuskarta ta canza. Hausarta irin ta kasuwa ce, amma na fahimci kowace kalma.

"Wannan hoto, ina zai tafi? Wa zai gani?"

"Likita kaɗai, Mma," in ji Adiza. "Na yi miki alkawari. Ga Babana nan shaida."

Ateni ta kalle ni. Na gyaɗa kai. A hoton da aka ɗauka, hannuna na riƙe da haɓar Madam, zoben azurfata na nan a fili.

Da Adiza za ta koma Yendi, ta zuba mini rijistar duka a wayata. Ta ce in likita ya zo Bawku ni zan yi masa jagora, kuma in wata ta kira ni jakinta ba lafiya, in duba in faɗa mata. Ta ce kada in nuna wa kowa. Na ce ke ma kin san ni.

Ba a daɗe ba ɗaya daga samarin kara ya ga wayar a hannuna ya sa lambata a wani gurup na waya, dandalin masu cinikin dabbobi. A cikinsa akwai mutanen Wagadugu, da na Lome, da na wasu wuraren da ban san sunansu ba. Daga nan wani ya fara kirana. Ban taɓa ganin fuskarsa ba har yau. Lambarsa ta Togo ce, yana Hausa mai kyau, samari na ce masa Masta. Ni kuwa Ciyaman yake ce mini. Ya ce ya ji duk arewa babu wanda ya san jaki kamar ni, yaran nan shirme kawai suke turo masa. Shekara nawa rabon da wani ya gaya mini irin wannan maganar? Na fara haɗa shi da tsofaffin jakuna da guragu, waɗanda masu su ke neman rabuwa da su. Lori ya zo ya kwashe. Samari suka fara tashi suna ba ni benci. A lokacin duk kara an san ana yanka jakuna don fatarsu, ana fitar da ita ƙasashen waje a yi magani da ita. An san wasu ƙasashen maƙwabta sun hana, shi ya sa masu sayen suka juyo ta wajenmu. Sau ɗaya kawai na yi tambayar Baba, ita ma da sanyin murya.

"Masta, ina ake kai su ne?"

"Gona, Ciyaman. Manyan gonaki a kudu, can bayan Kumasi."

Ɗan Salaga ne ni. Na san jaki ba ya rayuwa a kurmi. Da a gabana yake tsaye da na ga ya kau da kai, da kunya ta sa na tashi. Amma waya ba ta da idon da za ka kalla, kuma ni ma ban so in gani ba. Na ce to, Allah ya taimaka.

Ni da bakina na gaya masa labarin rijistar, don alfahari. Na ce duk jakin da ke Tempane yana cikin aljihuna, da hotonsa da ƙofar gidansa. Sai ya ce ai na huta da yawo a rana, in turo masa ya zaɓa da kansa, waɗanda yake so ni zan je in yi cinikin, kome ta hannuna zai bi. Na ce sai na yi tunani. Kwana biyu ina juyawa. Memuna ta lura, domin na bar tuwo a kwano.

"Malam, wannan mutumin da ke kiranka kullum, ɗan gidan wa ne?"

"Abokin ciniki ne."

"Ka taɓa cin abinci da shi? Ka san uwarsa? Ni dai mutumin da sai murya, ko aljani ne ko ɓarawo."

Na ce mata ta tsaya a kan tuwonta. Washegari ranar kasuwa ce. Bayan azahar ya sake kira, na ji ana ce mini Ciyaman a gaban samari, na buɗe wayar na danna.

Bai sake nemana don ciniki ba. Me zai yi da ni? Kafin wata ya zagayo, mutane a kan babura suka fara shiga ƙauyukan Tempane, ba ta hannun kowane dillali ba. Kai tsaye suke zuwa ƙofar gida, su kira mace da sunanta, su nuna mata hoton jakinta a waya. Wasu matan sun sayar, domin farashin ya fi abin da suka taɓa ji, an kuma ce musu su sayi motokin. Ba su san ba za su sake samun jaki a farashin da suka sani ba. Waɗanda suka ƙi kuwa, aka riƙa wayar gari babu jakin a turke. Na kira lambar Masta, ba ta shiga. Na shiga gurup, an cire ni. Wata safiya wata mata daga ƙauyen Ateni ta zo kasuwa da albasa, ta tsaya a gabana ba ko sallama. Ta ce sun zo wurin Ateni sau biyu ta kore su da muciya. Jiya an tsinci Madam a bakin rafi, an feɗe ta an tafi da fatar, an bar naman ga ungulu. Ɗan da ke cikinta na kwance a gefe, ya riga ya yi gashi.

Na tashi na shige bayan rumfa. Amma ko a ranar ban faɗa wa kowa ba.

Matan suka haɗu suka kai ƙara wurin sarkin ƙauyensu, magana ta kai Yendi. Hoton da ake nuna musu na Adiza ne, da alamar ofishinsu a jiki, babu wanda zai musa. Aka dakatar da aikin gaba ɗaya, har allurar da likita ya fara yi. Adiza ta kira ni ta ce in zo. Na hau mota tun asuba. Ta tarye ni a tashar Yendi, ba ta kai ni gidanta ba, muka zauna a bencin wata mai sayar da wake da shinkafa. Ta rame. Ta saya mini abinci ta ajiye a gabana, ta bar ni na wanke hannu.

"Baba, waya biyu ce kawai ke da rijistar nan a wajen ofis. Tawa da taka."

Na ce yaran kara kan karɓi wayata su yi kira, wataƙila wani ne a cikinsu.

"Ba ni in gani."

Na miƙa mata. Ban san waya na ajiye abin da mutum ya tura ba, da ranar da lokacin. Ta duba, ta daɗe tana kallon wuri ɗaya. Ta ajiye wayar a kan benci a hankali kamar ƙwai.

"Gobe za su tambaye ni a gaban kowa. Me zan ce musu?"

Ga inda nake so ku tsaya ku karanta da kyau. Na san amsar. In tashi in bi ta ofis in ce ni ne, 'yata ba ta sani ba. Amma sai na ga kara, na ga samarin nan, na ga sahun gaba na masallacin zango inda nake tsayawa. Na ce mata ita ta yi boko, ta fi ni sanin yadda ake magana da mutanen ofis. Ta kalle ni irin kallon da Baba ya ce in riƙa yi wa mai saye. Ni na kau da kai.

"To, Baba," ta ce. "Ci abincinka kada ya huce."

Washegari ta gaya musu daga hannunta rijistar ta fita, kuma ba ta da wani bayani. Suka tambaye ta wa ta ba, ta ce ita ce da alhaki. Aka sallame ta. Babu wata ƙungiya da ta sake ɗaukarta, domin irin wannan labarin yanzu a waya yake yawo, ya riga mutum isa duk inda za shi. Tana nan Yendi tana sayar da atamfa a rumfa. Yarinyar da ta zauna a tsakar gidana tana ba mu labarin ƙasashe.

Memuna ta gane ba tare da an gaya mata ba. Ba ta yi mini faɗa ba, da ta yi da ya fi mini sauƙi. Sau ɗaya kawai, tana shanya wanki, ta ce ba tare da ta juyo ba, "Ka bar yarinya ta ɗaukar maka kaya, Malam." Har ta rasu ba ta sake tayar da maganar ba, ni ma ban buɗe baki ba. Bayan rasuwarta na kasa zama a Bawku, na dawo Salaga, ɗakin Baba.

Bara na tattara ƙarfina na koma ƙauyen Ateni. Niyyata in saya mata jakanya in kai. Na zaga karar Bawku kasuwa uku, ni Isufu mai jakuna, ban sami mace mai lafiya da zan iya saye ba. Jakanya shekara guda take ɗauke da ciki ta haifi ɗaya tal, abin da aka kwashe a rani ɗaya ba ya dawowa a zamanin mutum ɗaya. Na tafi hannu biyu. A hanya na ga motokin biyu a yashe a gindin kuka, babu taya, kaji na kwana a ciki. Na ga 'yan mata a jere da jarkoki a ka, a lokacin da ya kamata suna aji. Na tarar da Ateni tana fasa kaɗanya, ta tsufa ƙwarai, wuyanta ya karkace. Na tambayi Lamisi. Ta ce ta bar makaranta tun shekarar, ta yi ta ɗaukar ruwa, daga baya ta bi ƙawayenta Kumasi tana kayayo, dakon kaya a kasuwa. Na durƙusa na gaya mata komai. Ba ta daina fasa kaɗanyar ba.

"Na sani," ta ce. "Adiza ya zo nan, ya yi kuka, bai faɗi sunan kowa ba. Wanda ya yi kuka bai faɗi suna ba, ubansa yake ɓoyewa. Ni ina jira in ga yaushe za ka zo. Ka daɗe, Baba Isufu."

Na ce ta yafe mini. Ta tashi da ƙyar ta je bakin ƙofa ta sauko da igiyar Madam, ta bushe ta yi tauri. Ta ajiye mini a cinya.

"Tafi da shi. Babu abin da zai zo gidan nan a ɗaura."

Ga ta nan a rataye a ƙusa ina kallonta ina wannan rubutun.

Na yi ta tunanin maganar Adiza ta ƙasashen da suka ci gaba da waya. Ban ce ƙarya ta yi ba. Ina jin a can akwai hukumar da ke tsare irin wannan rijistar, akwai wanda zai kama mutum irin Masta, akwai wanda zai tambayi lori ina za shi. Mu wayar ta iso mu ita kaɗai. Hanyar da aka shimfiɗa don likita ya iso gidan Ateni, mai wuƙa ya riga shi bi, domin shi ya fi sauri kuma ya fi ƙarfi. Fatar Madam tana wata ƙasa da ban san sunanta ba, an dafa ta an sa a kwalba, wani ya sha don ya ƙara lafiya. Lamisi na ɗauke da buhun wani a Kumasi. Mu mutanen Salaga mun san abin da kasuwarmu ta taɓa sayarwa bayan goro, wato bayi, ana nuna wa baƙi wurin har yau. Na ɗauka wannan zamanin ya wuce, ashe dillalin ne kawai ya daina ganin fuskar abin da yake sayarwa. Amma kada in ɓuya a bayan ƙasashe da hukuma. Adiza ta ce kada in nuna wa kowa, Baba ya ce in tambaya, Memuna ta ce aljani ne ko ɓarawo. An gaya mini sau uku.

Adiza na kirana duk Juma'a. Tana tambayar ƙafata, tana tambayar ko na sha magani, tana aiko mini da shadda da sallah. Tana gaishe ni yadda ake gaishe da dattijon unguwa. Tun ranar tashar Yendi ba ta sake ba ni labarin komai ba. Na gwada sau biyu in ɗauko maganar, ta ce, "Baba, ya wuce," ta koma tambayar ƙafa. Bai wuce ba. Shekarun da za ta yi aiki sun tafi, kuma wannan takardar ba za ta dawo da su ba, na sani.

Abin da nake roƙonku kaɗan ne. Wanda ya fi iya karatu a cikinku ya kwafe wannan rubutun, a karanta shi a zangon Bawku bayan sallar Juma'a, a kai Yendi, a fassara wa matan Tempane da Kusasanci, da sunana a ciki, Isufu ɗan Seidu. Kada ku jira sai na mutu, ina so a kalle ni. Ku kuma da kuka taso da waya a hannu, in mutum ya amince muku da hotonsa ko ƙofar gidansa, kafin yatsanku ya sauka ku tambaya ina za a kai shi. In babu idon da za ku kalla, ku mayar da wayar aljihu. In kuma kun riga kun danna, ku tashi ku faɗa da bakinku tun a ranar, kada ku zauna a benci kuna cin abinci 'yarku ta tafi ta amsa a madadinku.